Adadi ɗaya a kowace rana ko lissafin dalla-dalla: wanne ya dace da tafiyarka ƙasar waje?

Duk wanda ya fara shirin tafiya ƙasar waje, tambayar da ke riga sauran fitowa daga bakinsa ita ce nawa zai riƙa kashewa a rana. Hanya biyu ake bi wajen amsa ta. Wasu sukan nemo adadi ɗaya, a ce dala 100 a kullum, su ninka shi da yawan kwanakin da za su yi, su ce guzuri ya haɗu. Wasu kuma sukan zauna da takarda da biro su bi tafiyar daki-daki, tun daga motar da za ta ɗauko su daga filin jirgi har ruwan da za su sha a ranar dawowa. Ta farko ba ta cin minti goma. Ta biyu takan cinye maraice biyu ko uku. Kowace tana da irin tafiyar da take yi wa daidai, tana kuma da inda take kai mutum ta baro shi, kuma wuraren ba ɗaya ba ne.

Daga ina adadin yake fitowa

Kafin mutum ya dogara da adadi ɗaya, ya kamata ya san wanda ya ƙirƙire shi da abin da ya sa aka ƙirƙire shi. Mafi yawan masu neman biza sukan fara cin karo da na ofisoshin jakadanci. Yawancin ƙasashen yankin Shengen na Turai suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke so su gani a hannun baƙo na kowace rana. Faransa tana neman yuro 65 ga wanda ya riga ya kama ɗaki a otal, yuro 120 ga wanda bai kama ba, yuro 32.50 ga wanda zai sauka a gidan wani da takardar shaidar masauki ta hukuma. Jamus yuro 45 take nema. Sifaniya ta ɗaure nata da mafi ƙarancin albashin ƙasar, kashi 10 cikin ɗari, shi ya sa a 2024 ya kama yuro 113.40 a rana, kuma komai gajartar zaman sai an nuna jimillar da ta haura yuro 1,000. Wanda ya ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin ma'aunin tsadar gari zai zaci Madrid ta Sifaniya ta ninka Munik ta Jamus tsada sau biyu da rabi, alhali duk wanda ya taɓa neman ɗaki a biranen biyu ya san ba haka ba ne. Sharaɗin doka ne kawai. Ka cika shi don a ba ka biza, amma kada ka gina kasafinka a kansa.

Na biyu shi ne alawus ɗin kwana da manyan hukumomi ke biyan ma'aikatansu. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana wallafa nata na ɗaruruwan birane, tana sabunta shi wata-wata, ta kuma raba shi gida biyu: kuɗin masauki daban, na abinci da ƙananan buƙatu daban. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da irin wannan jadawali. Wannan ya fi na biza amfani, domin an gina shi ne a kan farashin da aka bibiya a birnin. Sai dai an auna shi da otal ɗin da ma'aikacin gwamnati zai kwana da gidan abincin da zai zauna a kawo masa, don haka ga mai tafiya da kuɗin aljihunsa rufi ne, ba tsakiya ba. Kuma babu kuɗin zirga-zirga a ciki, saboda ma'aikaci yakan kai rasit ɗin tasi a biya shi daban. Abin da na fi amfani da shi a jadawalin nan shi ne kwatanta birni da birni. In alawus ɗin wannan gari ya ninka na wancan, to kusan haka za ka ji a jikinka, ko da ba za ka kashe rabin ko wannensu ba.

Na uku shi ne matsakaicin da shafukan matafiya ke fitarwa a intanet. Matsalarsa ita ce ba ka san su wa aka haɗa aka raba ba. A ciki akwai ɗalibin da ke kwana a ɗakin mutum takwas, akwai ma'auratan da suka raba kuɗin ɗaki biyu, akwai wanda ya je a lokacin sanyi da otal-otal ke neman baƙi ido rufe. Yawancin irin waɗannan alƙaluma na mutum ɗaya ne da ya raba ɗaki da wani. Mai tafiya shi kaɗai zai biya ɗakin gaba ɗaya.

Inda adadi ɗaya ke kayar da mutum

Babban aibinsa shi ne yana cakuɗa kuɗi iri uku da ba sa tafiya tare. Akwai abin da ake biya sau ɗaya ko kwana nawa za a yi: tikitin jirgi, biza, inshora, kuɗin kaya. Bizar Shengen yuro 90 ce ga babba tun watan Yunin 2024, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Akwai abin da ake biya duk dare, kuma ɗaki ake biya wa, ba mutum ba. Sannan akwai abin da kowane baki ke ci kowace rana. Mu ɗauka, don misali kawai, kuɗin sau ɗaya ya kama dala 1,100, na kullum kuma dala 100. Wanda ya yi kwana 5 ya kashe dala 1,600, wato 320 a rana. Wanda ya yi kwana 20 ya kashe 3,100, wato 155 a rana. Gari ɗaya, otal ɗaya, abinci ɗaya. In su biyun suka dawo ka tambaye su nawa ake kashewa a rana, duk gaskiya za su faɗa maka, kuma ba wadda za ta yi maka amfani sai ka san abin da kowa ya sa a cikin lissafinsa.

Iyali ma sukan sha wahala da wannan hanya, amma ta fuska biyu. Ninka adadin mutum ɗaya sau huɗu yakan wuce gona da iri a masauki, ya kuma ɓoye wuraren da yawa ke sauya abin da ya fi araha. Dubi filin jirgin Charles de Gaulle na Paris. A 2025 tikitin jirgin ƙasa daga can zuwa cikin gari yuro 13 ne, tasi kuma yana da tsayayyen farashi, yuro 56 zuwa ɓangaren arewacin kogin Seine, yuro 65 zuwa na kudu. Ga mutum ɗaya ba a ma tsayawa tunani, jirgin ƙasa ne. Ga manya huɗu da akwatuna, tikiti huɗu yuro 52 ne, sannan ga hawa da saukar matakala da kaya. Tazarar yuro 4 ce tsakaninsu da motar da za ta sauke su a ƙofar masauki. Adadi ɗaya ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Sai kuma ranakun da ba su yi kama da sauran ba. Ranar sauka da ranar tashi da duk ranar da aka ƙaura daga gari zuwa gari sun fi ranar zama cin kuɗi. Jirgi ya sauka da asuba, otal kuma ba ya ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, ga gajiya, ga rashin sanin hanya, sai mutum ya ci abinci a wuri na farko da ya gani, ya hau motar farko da ta tsaya. A ranar ƙarshe an fitar da kai daga ɗaki ƙarfe sha ɗaya, jirginka kuma sai tsakar dare, to akwai kuɗin ajiyar kaya da abinci biyu a waje. A tafiyar wata guda irin waɗannan ranaku sukan narke cikin sauran. A tafiyar kwana biyar, su ne kusan rabin tafiyar.

Abu na ƙarshe shi ne tsufan adadin. A ranar 6 ga Maris 2024 Masar ta saki kuɗinta, fam ɗin da ake canzawa kusan 31 a dala ya koma wajen 50 cikin yini guda. A Turkiyya hauhawar farashi ta hukuma ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, ta sake kaiwa wajen 75 a Mayun 2024. Duk adadin da wani ya rubuta da lira shekara biyu da suka wuce tarihi ne. Wasu wuraren ma sun daina saka wa baƙi farashi da kuɗin ƙasar: shiga masallacin tarihi na Aya Sofiya a Santambul yuro 25 ne ga baƙon yawon buɗe ido tun Janairun 2024. A Dubai kuwa, inda dirhami ke ɗaure da dala a kan kusan 3.67, ko Saudiyya da riyal ke kan 3.75, adadin bara yakan yi kusa da na bana, bambancin sai dai na lokacin cunkoso.

To ina yake aiki? Yana aiki ga mutum ɗaya ko biyu da za su daɗe a gari ɗaya, a ƙasar da kuɗinta ke zaune, bayan an riga an biya jirgi da masauki. Landan misali ce mai kyau. Motocin bas na can sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, da kati ake shiga, kuma akwai iyakar abin da za a cire maka a yini: daga Maris 2025 fam 8.90 ne na bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa a haɗe, a shiyya ta 1 da ta 2 na tsakiyar birnin, ko sau nawa ka hau. Manyan gidajen tarihi irin su British Museum da National Gallery kyauta ake shiga. A irin wannan gari ranaku suna kama da juna, adadi ɗaya kuma ya ishe ka. Yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: yana da sauƙin riƙewa a kai. Mutumin da ya san yau dala 60 gare shi yana iya tsayawa a ƙofar kanti ya yanke shawara nan take, ba sai ya buɗe wani dogon jadawali ba.

Lissafin dalla-dalla

Ƙarfin wannan hanya shi ne tana tilasta maka duba farashin gaske na ranakun gaske. Ba ka tambayar nawa otal yake a Amsterdam, kana duba nawa wannan ɗakin yake daga ranar kaza zuwa ranar kaza, kuma a shafin ƙarshe na biya, ba a shafin talla ba. A can ne za ka ga harajin baƙi, wanda a Amsterdam ya kai kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024. A New York harajin otal kusan kashi 14.75 ne, da ƙarin dala 3.50 duk dare. A Dubai akwai dirhami 7 zuwa 20 a kan kowane ɗaki duk dare, gwargwadon darajar otal ɗin, kuma sau da yawa a teburin karɓar baƙi ake biyansa. Masauki ne yakan ɗauki kaso mafi girma na kuɗin kullum, don haka kuskuren kashi goma a nan ya fi duk wani tsimin da za ka yi a kan shayi.

A nan ne kuma ake iya auna zaɓi da zaɓi. Gidan haya mai kicin yakan zo da kuɗin shara da ake biya sau ɗaya. In dala 60 ne, a kwana biyu ya ƙara 30 a kowane dare, a kwana goma 6 kacal, ga kuma damar dafa abincin safe da na dare. Don haka gajeren zama otal ya fi, dogon zama da iyali gida ya fi. Ɗaki mai rahusa a bayan gari kuwa sai an ɗora masa kuɗin shiga da fita na kullum da sa'o'in da za a ɓata a hanya kafin a ce ya yi sauƙi. Araha ba ta ado. Haka tikitin jiragen da ke tallan farashi ƙasa-ƙasa, in aka ɗora kuɗin akwati da na kujera da na motar filin jirgin da ke can nesa da gari.

Katunan tafiye-tafiye na bai ɗaya ma sai da biro ake gane su. Shekara da shekaru ana ce wa duk mai zuwa Japan ya sayi katin jirgin ƙasa na kwana bakwai, kuma shawarar tana da tushe: a da yen 29,650 yake, alhali zuwa da dawowa tsakanin Tokyo da Kyoto a jirgi mai gudu kaɗai ya kusa yen 28,000. A Oktoban 2023 aka ɗaga shi zuwa yen 50,000. Wanda zai je Kyoto ya dawo kawai, yanzu asara zai yi in ya saya, amma tsohuwar shawarar tana nan tana yawo a intanet. Katin mako na Paris shi kuma daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ba daga ranar da ka saya ba, don haka wanda ya sauka ranar Alhamis kwana huɗu zai ci a cikinsa.

Abinci yana buƙatar a san yadda kowace ƙasa ke rubuta farashi. A gidan abinci a New York ka ga an rubuta dala 20. In takardar biya ta zo, an ɗora harajin kashi 8.875, ta koma 21.78, a ƙasanta kuma ga layin tukwici da aka bar maka, wani lokaci har da lissafin kashi 18 da 20 da 22 an buga maka don kada ka wahala. Kafin ka tashi, abincin dala 20 ya zama na 26. A Japan ba a ba da tukwici sam. A Italiya akwai ɗan kuɗin zama da ake ɗora wa kowane mutum a tebur, kuma kofin da ka sha a tsaye a gaban kanta ya fi wanda aka kawo maka kana zaune araha.

Amma hanyar nan tana da nata ramin, kuma ya fi na farko ɓoyuwa. Jadawalin da aka cika layi-layi yana sa mutum ya ji ya gama da komai, alhali abin da ya rubuta shi ne abin da ya tuna. Ba wanda ke rubuta ruwan kwalba, layin waya da data, wanki, maganin mura, lemar da ruwan sama ya tilasta saye, kuɗin shiga banɗaki a tashar jirgin ƙasa, tasin daren da ƙafa ta gaji, ko tsarabar da aka ce ba za a saya ba. Kowannensu ƙarami ne, haɗuwarsu ce ke huda aljihu. Adadi ɗaya, da yake daga abin da mutane suka kashe a zahiri aka samo shi, yakan haɗiye waɗannan ba tare da an ambace su ba. Mai lissafin dalla-dalla kuma yakan so ya biya komai tun daga gida don alƙalumansa su tsaya, sai ya kama ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa saboda ya fi rahusa. In biza ta makara ko aka ɗage jirgi, rahusar ta tafi da uwar kuɗin.

Akwai ɓarnar da hanyoyin biyu suke mantawa da ita baki ɗaya, wato ta canji. Ka miƙa kati a kanti, na'urar ta nuna maka zaɓi biyu, ka biya da kuɗin ƙasar da kake ko da kuɗin da katinka ke ɗauke da shi. Na biyun ya fi daɗin gani saboda adadi ne da ka saba da shi, amma a nan na'urar ce ke yanka farashin canjin, kuma kusan kullum ya fi na bankinka muni. Zaɓi kuɗin ƙasar da kake. Haka yake a na'urar cirar kuɗi. Canjin filin jirgi a yi kaɗan, iya na mota da abincin farko. Otal da kamfanin hayar mota kuma sukan riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina, kuma ba lallai su sake shi ranar da ka fita ba, yakan ɗauki kwanaki. Kuɗinka ne, amma ba za ka iya taɓa shi a lokacin da ka fi buƙatarsa ba. Mai ɗaukar tsaba kuma ya tuna daga yuro 10,000 dole a bayyana wa kwastam a Tarayyar Turai, a Amurka kuma abin da ya haura dala 10,000.

In za a tambaye ni, gajeriyar tafiya, tafiyar iyali, tafiyar da za a ratsa garuruwa da yawa, da tafiya ƙasar da kuɗinta ke rawa, duk na dalla-dalla ne, ba ja. Dogon zama a gari ɗaya na mutum ɗaya, adadi ɗaya ya wadatar. Mafi yawan tafiye-tafiye kuwa a tsakani suke, kuma a nan raba aikin ya fi. Kuɗin sau ɗaya da na masauki da na ƙaura tsakanin garuruwa a bi su layi-layi da farashin ranar, tunda kaɗan ne kuma su ne manya. Kuɗin aljihu a mayar da shi adadi ɗaya, amma wanda ka gina da kanka: ka zana rana guda ta zaman gari da abinci uku da zirga-zirga da wurin ziyara ɗaya, ka zana rana guda ta ƙaura, ka ninka kowace da yawanta, sannan ka ɗora kashi 15 cikin ɗari na abubuwan da ba ka tuna ba. Inda farashi ke gudu, ni kashi 20 ko 25 nake ganin ya fi kwanciyar hankali.

Kuɗin ko-ta-kwana ba ya cikin wannan ƙarin. Shi ana auna shi ne da abin da zai iya faruwa: kwana biyu na ƙari a otal da kuɗin sauya tikiti. A ajiye shi a wani katin daban, a wata jakar daban da wadda ake yawo da ita. A daren kwana na uku kuma a zauna a haɗa rasit, domin zuwa lokacin tsadar ranar sauka ta wuce, an fara ganin ainihin abin da rana ke ci. In ya haura abin da aka tsara, akwai sauran kwanakin da za a rage tasi, a mayar da babban abinci na rana maimakon na dare, ko a soke ziyara ɗaya mai tsada tun ba a biya kuɗinta ba.